Amaryata a Kwalba

Badarawa, Kaduna
12 ga Yuni, 1977

Zuwa ga ɗana Balarabe,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, karatun safiyo na shiga, dankalin Turawa kuma bai fitar maka da rai ba tukuna. Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwata da ruwan saman da ya sami hanya ta rufin ɗakin littattafaina. Gwaggonka Dije tana gaishe ka.

Amsar talgiram ɗinka ta zo, mun ga sunan da ka zaɓa. Allah ya jiƙan mai sunan. Mahaifiyarka Kaltume taubashiyata ce, ta tsokane ni tun muna yara har ta bar duniya, ga shi ka dawo min da ita. Talgiram ba ya ɗaukar dogon zance, shi ya sa ban ce maka komai ba sai an sauka, mace. Ga sauran.

Ranar Alhamis da hantsi maƙwabciyarku ta Hayin Banki ta aiko cewa naƙuda ta kama matarka Safara'u. Na ce wace irin naƙuda a wata bakwai, Dije ta ce in bar lissafi in tayar da mota. Kafin azahar an haihu. Bakwaini ce, ba ta kai nauyin mudun gari ba. Nan take suka wuce da ita ɗakin jarirai suka sa ta a kwalba. Sunan ne kawai kwalba, akwatin gilashi ne da lantarki ke ɗumamawa, da ƙofofi biyu kewayayyu na zura hannu. Ba ta iya tsotso ba, don haka an zura mata wata siririyar roba ta hanci har ciki. Safara'u tana tatsar nono a kofi, Sista, shugabar ɗakin, ta ɗura da sirinji.

Kada ka tayar da hankalinka. Duk Kaduna ba wanda ya kai ta jin daɗi. Ɗaki nata ita kaɗai, ba sauro, ba hayaniyar maƙwabta, ma'aikata na yi mata hidima dare da rana. Babban sakatarenmu bai sami haka ba. Tunda jikata ce, na je ta taga na gabatar da kaina na ce ina ciki. Ta ɗaga ƙafa ɗaya, na ɗauka amincewa ce. Dije ta ce ba ta kishi da wadda ba ta kai ludayi tsawo ba.

Jiya surukarka Inna Mero ta iso daga Malumfashi da ƙullin kanwa wanda zai ishi garken shanu. Ta leƙa ta taga sau ɗaya ta ce Allah ya raya, sannan ta juyo kan abin da ya kawo ta. So take ta tafi da 'yarta gida wankan jego. Ta ce haihuwar fari ce, ga damina, kuma ba a taɓa barin mai jego a kan siminti da ruwan famfo ba. Ƙanwarta haka aka yi sakaci da ita, sanyi ya shige ta, ta kumbura ta mutu ta bar jariri. Da ta faɗi wannan ban sami abin dariya ba. Su kuma 'yan asibiti sun fi son uwa ta zauna kusa, akwai ɗakin da iyayen ke kwana.

Na ce mata a jira maganar mijin. Ni kawun nesa ne, ka bar min amanar gida amma ba ka bar min hatimi ba. Ka rubuto abin da ka gani.

Wassalam. Ni ne kawunka,
Labaran Sanda


Badarawa, Kaduna
19 ga Yuni, 1977

Balarabe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na san wasiƙata ta farko ƙila tana hanya har yanzu, amma ba zan iya jiran amsarta ba.

An yi suna ranar Alhamis. Kafin nan na yi mata huɗuba. Sista ta sa ni wanke hannu har gwiwa, ta ɗaura min ƙyalle a baki, ta sa min wata riga mai ɗauri ta baya. Na durƙusa na kara bakina a ƙofar kwalbar na yi kiran salla a hankali, ina neman kunnen da bai kai ganyen zogale ba. Shekara ashirin ina fassara jawabin manya a ofis ban taɓa yi wa kunne ƙarami haka jawabi ba, sai ranar.

An yanka rago a Hayin Banki, an raba goro. Mata suka cika gidan, kowa ta shigo sai ta miƙa hannu a ba ta jaririya, sai ta tuna, ta mayar da hannun tana gyara mayafi. Wanzami ya zo da kayansa ya ci tuwo ya tafi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Inna Mero ta ɗauko Safara'u daga asibiti tun ranar Laraba, ta ce ba a suna ba mai jego, kuma ba a shiga taro da jikin da bai ga ruwan zafi ba. Ban hana ba, na ga kwana biyu ne kawai. A kwana biyun aka ba yarinyar madarar gwangwani. Ranar Juma'a da muka koma muka tarar cikinta ya kumbura yana ƙyalli, tana amai kore. An tsayar da abinci, an aske mata gefen kai an sa allurar ƙarin ruwa a jijiya. Askin sunan ke nan, Sista ce ta yi.

Likitan, wani ɗan Indiya mai tsadar magana, ya kira ni gefe. Ya ce akwai jariran da ke ɗaukar madarar gwangwani, wannan ba ta cikinsu. Hanjinta bai ƙosa ba. In cikin ya saɓe za su sake gwada nonon uwa ɗigo-ɗigo, kuma ban da shi ba shi da wani abin da zai ba ta. Na tambaye shi ko kwalbar ba za ta yi wani abu ba. Ya ce kwalba ɗumi kawai take bayarwa.

Yanzu mun yi sulhu da Inna. An kafa rabin duro a tsakar gidana, Dije na hura wuta tun asuba, ana wankan da ganyen darbejiya. In an gama na kwashi Safara'u a Boswaja zuwa asibiti tana tururi kamar dambu, da yamma in dawo da ita a sake, in mayar da ita ta kwana can. Inna ta ce wannan wankan 'yan boko ne, tunda babu gadon ƙasa da za a hura wuta a ƙarƙashi a gasa jiki. Ta yarda ne kawai zuwa ranar da maganarka za ta iso.

Ita Safara'u ba ta cewa komai. Ka san kunyar 'yar fari. A gabana ko gaban uwarta ba ta kallon kwalbar, ba ta tambayar yadda aka kwana. Da fari Sista ta ɗauka ba ta damu ba ne, har ta yi mata faɗa. Dije ce ta koma ɗaukar kwanon da ta manta, ta hango ta zaune ta zura hannu ciki, yarinyar ta riƙe mata ɗan yatsa. Da ta ga Dije sai ta zare hannun ta kama gyaran ɗankwali.

Ka rubuto ka ce ta zauna a Kaduna. Ka rubuta shi ɓaro-ɓaro yadda zan karanta wa Inna. Wannan karon ba wasa nake ba.

Kawunka,
Labaran


Ingila
22 ga Yuni, 1977

Zuwa ga Kawu Labaran,

Gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi, tare da fatan Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ina gaida Gwaggo Dije, Allah ya saka mata da alheri. Ni lafiyata ƙalau, rana ma ta fito mana kwanakin nan.

Wasiƙarka ta ranar sha biyu ta same ni jiya. Kawu, tun da talgiram ya zo ban yi barcin kirki ba, don na san watannin ba su cika ba. Amma da na karanta yadda ka kwatanta ta a kwalba na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Na ce in da abin ya yi tsanani Kawu ba zai tsaya neman aure ba. Alhamdu lillahi.

Na yi magana da matar da nake haya a gidanta, tsohuwar nas ce. Ta ce a nan jarirai irin wannan sukan yi wata biyu a kwalba, iyayensu na gida, sai dai su zo dubiya. Akwai madara ta musamman da ake ba su, kuma suna girma sosai. Ta nuna min hoton wani da ta rena, yanzu ɗan sanda ne.

Saboda haka ban ga dalilin ɓata wa Inna rai ba. Tun da aka yi auren nan ake cewa na ɗauke musu 'ya na kai ta bariki, yanzu kuma na tsallake na bar ta. In na hana wanka a haihuwar fari ban san da wane ido zan dubi surukina Baba Alhaji Sabo ba. Kuma gaskiya ina tsoron abin da Inna ta faɗa game da ƙanwarta. A bar Safara'u ta tafi, in ta gama ta dawo ta ɗauki yarinyar. Na rubuta wa Baba Alhaji haka yau, don kada nauyin ya zauna a kanka kai kaɗai. Ka riƙa leƙa amaryar taka in ka sami sarari.

Jibi za a tafi da mu duwatsun Wales aikin awo, mako biyu muna kwana a tanti. Duk abin da ya zo zai jira ni a makaranta.

Ni ne ɗanka,
Balarabe


Badarawa, Kaduna
3 ga Yuli, 1977

Balarabe,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya a kan duwatsun. Mu muna nan.

Wasiƙarka ta zo ranar Juma'a. Na karanta ta a tsaye a gidan waya, na sake karantawa a mota. Na gane ta yi saɓani da tawa ta biyu a hanya, ƙila ma sun kwana a filin jirgi ɗaya. Nan take na buga maka talgiram, ko da yake ka riga ka gaya min ba ka nan.

A hanyar gida na shirya zan karanta wa Inna abin da ba ka rubuta ba. Ba sabon aiki ba ne a wurina, na sha gyara wa manya jawabi su fito da hankalin da ba su shiga da shi ba. Har na tsara kalmomin. Ina shan kwanar layinmu na hango a-kori-kurar Alhaji Sabo a ƙofar gidana, ƙaninsa Lawan na zaune a kan tabarma da taka wasiƙar a aljihu. Ta Malumfashi ta riga ta Kaduna isowa.

Na yi iya abin da zan iya. Na ce ka rubuta ne kafin ka san cikin yarinyar ya kumbura. Lawan ya ce shi ɗan aike ne. Na kai shi wurin likita ya ji da kunnensa, ya saurara da ladabi, da muka fito ya ce ai rai na hannun Allah, kuma ba zai koma wurin yayansa da mota ba kowa a ciki ba. Ban sami ayar da zan ja masa ba wadda ba shi da irinta.

Abin da ya karya ni shi ne ƙafafun Safara'u. Kwanakin nan sun kumbura, in ka danna yatsa sai ramin ya zauna. Likita ya ce kunun kanwa ne da zafin wankan suka yi wa zuciyarta nauyi, ya ba da ƙwayoyi ya ce a daina kanwa. Inna ta ce sanyin simintin asibiti ne da rabin wankan da ake yi, haka na ƙanwarta ya fara. Ta zauna a ƙofar ɗakin Dije ta kama ƙafar 'yarta ta ɗora a cinya tana dannawa. Ta ce min, "Malam, kai jikarka kake gani. Ni ma tawa 'yar nake gani. Wannan na ɗauke ta wata tara, na san za ta rayu in an bar ni da ita. Waccan ko ku da kuka sa ta a gilashi ba ku ce min za ta rayu ba."



Na tambayi Safara'u a gaban kowa me take so. Wauta na yi. Ga uwarta, ga baffanta, ga takardar mijinta. Ta sunkuyar da kai ta ce duk yadda aka ce. Jiya da safe ta roƙi a biya da ita asibiti ta ɗauko kayanta. Ta daɗe a ciki har Lawan ya fara danna ham, da ta fito suka wuce Malumfashi. Daga baya Sista ta gaya min tatsa ta tsaya yi, ta cika duk kofin da ta samu. An sa a firji, zai kai gobe.

Yarinyar kuwa dā ta fara samun sauƙi. Cikin ya saɓe, an cire allurar kai, har kumatu sun soma fitowa. Sista ta ce za ta roƙi sauran iyayen su ɗan sam mata, amma kowace da nata bakwainin, kuma yawancinsu ba su ƙoshi ba su kansu.

Ina zuwa kullum bayan ofis in tsaya a taga. Ba ni da wani amfani a wurin, masu shara ma sun saba suna kewaye ni.

Kawunka,
Labaran


Ingila
9 ga Yuli, 1977

Kawu,

Ina gaisuwa. Yau muka dawo na tarar da talgiram da wasiƙarka ta sha tara ga Yuni. Na riga na buga waya biyu, ɗaya gare ka ɗaya ga Baba Alhaji, cewa a mayar da ita Kaduna nan take. Don Allah ka je da kanka, kada a jira motar kasuwa.

Kawu, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Da ka rubuta min wasiƙar farko yadda ka rubuta ta biyu, da ban ce komai ba sai ta zauna. Ni a nan ba na ganin fuskarka, takarda kawai nake gani. Na san laifina ne da na yi gaggawa, na tambayi matar da ba ta taɓa ganin Kaduna ba.

Na nemi izinin zuwa gida, sun ce sai bayan jarrabawa in ba haka ba in rasa shekarar. Ban san abin da zan yi ba. Ka gaya min gaskiya ko yaya take.

Ɗanka,
Balarabe


Badarawa, Kaduna
17 ga Yuli, 1977

Ɗana Balarabe,

Gaisuwa da ta'aziyya. Ka riga ka ga talgiram, Allah ya karɓi abarsa ranar Alhamis da la'asar. Allah ya sa mai ceto ce, ya ba ka haƙuri. Ka nemi gaskiya, ga ta.

Wayarka ta same ni ranar Litinin a ofis. Ban koma gida ba, na kama hanyar Malumfashi. Alhaji Sabo ya karɓe ni da mutunci, tasa wayar na hannunsa, ya ce tun da miji ya ce a mayar sai a mayar. Inna kuwa ta miƙe. Ta shiga ta ɗauro kayanta ta zauna a bayan mota kusa da 'yarta.

Mun iske yarinyar da rai. Nonon sauran matan bai isa ba, dole aka haɗa da na gwangwani, cikin ya sake tashi fiye da na farko. An mayar da allurar kai. Likita ya ce yanzu ko ɗigo ba za a iya ba ta ta ciki ba, sai a jira. Safara'u ta wanke hannu ta zauna gefen kwalbar. Ina tsaye a taga, uwarta na gefena, ta gan mu sarai, ta zura hannunta ciki ba ta zare ba. Haka ta zauna har ranar Alhamis.

Dije ce ta yi mata wanka. Ni na ɗauke ta zuwa maƙabarta a tafin hannuwana, a cikin 'yar tabarma. Liman da maƙwabtanka na Hayin Banki sun zo. Ka tambayi kamanninta in ka dawo, yanzu ba zan iya ba.

Maganar da ka yi kan wasiƙata ta farko gaskiya ce, na karɓa. Kada ka baro jarrabawar, ba abin da za ka tarar wanda zuwanka zai gyara.

Saura magana ɗaya. A kwanakin da muke zaman jira, nono na zubar wa Safara'u, Sista ta ce ta ci gaba da tatsa don kada ya ƙafe, ko za a dace. Abin da aka tatsa aka riƙa ba wani yaro a kwalbar da ke kusa. Ɗan wani tela ne daga Kinkinau mai suna Gambo, uwar ta rasu wurin haihuwarsa. Shi ma cikinsa ba ya karɓar gwangwani. Na duba hukuncin, na kuma tambayi liman. Yaron ya sha abin da ya isa, ya zama ɗan'uwan duk 'ya'yan da Allah zai ba ku nan gaba. Na gaya wa uban, ya tsuguna a barandar asibiti yana ta godiya har na rasa inda zan sa fuskata.

Bayan addu'ar uku Inna ta ce to yanzu ba abin da ya rage, a koma gida a ƙarasa wanka a sha maganin da zai ƙafar da nono. Safara'u ta ce tana so ta je ta yi sallama da Sista. Na kai ta jiya da safe na zauna a mota da jarida. Da na gaji na shiga, na tarar ta shimfiɗa zanenta a gadon da ta bari a ɗakin iyaye, kofi na hannunta. Kumburin ƙafar ya ragu, likita ya ce ƙwayoyinsa ne, Inna ta ce gadon wutarta ne. Na ce mata Inna na jira. Ta ce a kai mata haƙuri, za ta riƙa zuwa Badarawa wanka safe da yamma kamar dā in Gwaggo Dije ba ta gaji ba, amma ba za ta bar garin ba sai yaron ya iya tsotso.

Inna ta yi faɗa, ta yi kuka, yau da asuba kuma na ji ta tana fasa itace a tsakar gida.

Na ce wa Safara'u bari in rubuto maka in ji abin da za ka ce. Ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun da ka kawo ta gidana gaisuwa tana amarya.

"Kawu, kada ka tambaye shi," in ji ta. "Ka dai sanar da shi."

To, na sanar da kai.

Wassalam. Kawunka,
Labaran Sanda